Jeren Ɗaki da Zinariyar Sisili

A Afala, kamar sauran garuruwan arewacin Adar, in ana son sanin abin da mace ta mallaka, bangon ɗakinta ake duba kafin a duba turken awakinta. Can jere yake: tasoshi da kwalla da langa da samira, an ɗora wannan kan wancan tun daga ƙasa har kusa da rufi, manya a gindi, ƙanana a sama, kowace da murfinta. Namiji in ya leƙa, kwanoni kawai yake gani, har ya ce a ransa me ake yi da wannan uban kaya da ba a cin tuwo a ciki. Macen da ta san jere kuwa, kallo ɗaya ya ishe ta. Za ta gane wace tasa ce ta zo da gara, wace ce ta gado, wace ce maigida ya yo tsaraba daga Abijan shekarar da biɗa ta yi kyau, wace ce kuma aka saya da kwasar adashi don cike gurbin wadda ta tafi. Za ta ga inda saiti ya cika da inda ya yi giɓi, kuma ko ba a faɗa mata ba, ta san kowane giɓi da labari a bayansa.

A Turai da Amurka akwai wasu mutane, galibinsu maza, masu irin wannan jere, sai dai nasu akwati ɗaya da za ka iya runguma ya ɗauke shi. Su ne masu tara tsofaffin kuɗi. Cikinsu akwai ƙalilan da suka tsaya kan abu guda: sulallan zinariyar da sarakunan kudancin Italiya suka buga a tsibirin Sisili da birnin Nafoli, daga ƙarni na 11 zuwa na 15. Akwatin yana da allunan katako masu zamewa, an shimfiɗa musu karan-miski, an yanka su gida-gida. Kowane gida sule ɗaya ne kwance a ciki, ƙarƙashinsa 'yar takarda. Ba a kashe kuɗin nan, kamar yadda ba a zuba miya a tasar jere. Ana ajiye su ne don kyau, don ranar ɓacin rana, kuma fiye da komai don abin da jerin yake faɗa in an bi shi daga farko zuwa ƙarshe.

Mutumin Adar yana iya cewa ina ruwansa da kuɗin sarakunan Nasara da suka mutu shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Ruwansa yana cikin gida na farko na allon farko. Abin da ke kwance a nan, duk wanda ya taɓa zama wurin ɗaurin aure ya ji sunansa. In an ce an biya sadaki lakadan ba ajalan ba, malamai sun san akwai iyakar da ba a sauka ƙasa da ita a mazhabar Malikiyya: rubu'in dinari na zinariya, ko dirhami uku na azurfa. Ɗalibin Risala ya karanta shi, hukumomin zakka a arewacin Najeriya suna fitar da ƙimarsa da naira, mu ma muna juya shi zuwa sefa. Amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ɗora shi a tafin hannu. To a Sisili rubu'in dinari kuɗi ne na kashewa, shi ake miƙa wa mai alkama da mai tufa. Dinarin shari'a giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗan ɗara giram ɗaya. Faɗinsa bai fi farcen ɗan yatsa ba. In ya faɗi cikin rairayi, sai an tankaɗe.

Yadda aka yi ya je can, labari ne na malamanmu. A shekarar 827 rundunar Aglabawa ta tashi daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, ta sauka a Mazara, gaɓar Sisili. Wanda ya jagorance ta alƙalin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya zauna gaban Imam Malik a Madina, kuma littafinsa ne Sahnun ya gyara ya zama Mudawwana. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Falarmo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama babban birnin tsibirin, kuma nan aka riƙa buga rubu'i, a zamanin Aglabawa da na Faɗimiyyawa bayansu. Lokacin da Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, yake karantarwa a Ƙairawan, jiragen ruwa suna kai da kawo tsakanin gaɓarsu da Falarmo da irin waɗannan sulalla a jakunkunan fatake. Wanda ya kai Muhtasar na Halil a karatu ya san malamai huɗun da yake jingina da su. Biyu daga ciki, Ibn Yunus da Maziri, sunansu a haɗe yake da Sisili. Tsibirin da a yau muke jin sunansa a rediyo in jirgin 'yan ci-rani ya nutse, yana cikin littattafan zaure tun kafin a san Turawa a ƙasar nan.

Zinariyar kanta kuma, mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa kaso mai yawa nata daga ƙasar baƙar fata ya fito. Ana haƙo ta a Bambuk da Bure, can sassan kogin Senegal da mafarin Kwara, raƙuma su haura da ita. Hanya ɗaya ta bi ta Sijilmasa, wata ta bi ta Gawo da Tadmakka da Wargala zuwa Ƙairawan. Tadmakka ita ce kufan Essuk, kusa da Kidal a Mali. Bakri, da ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya ce mutanen garin suna ciniki da dinaran tsantsar zinariya marasa tambari. An daɗe ana ɗaukar maganar a matsayin ji-ta-ji-ta, sai a 2005 wani mai binciken kufai, Sam Nixon, ya tono gutsattsarin mazubai na yumɓu a wurin, masu ƙananan ramuka jere, da ɗigon zinariya maƙale a jikinsu. Adar ba ta kan wannan hanya, kuma babu amfanin mu yi wa kanmu kirarin da ba namu ba. Amma maƙwabtanmu na arewa suna cikin cinikin. A 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, wadda ake ganin ita ce Azelik ta yankin Ingal, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana kashe shi a matsayin kuɗi, masu kauri 400 a miskalin zinariya ɗaya, kuma ana kai shi har Gobir da Barno. Ke nan ko a bakin Azbin, da miskalin zinariya ake auna darajar kaya.

Me Sisili take bayarwa ta karɓi zinariya? Alkama. Tsibirin rumbu ne, Afirka ta Arewa kuma tun tsakiyar ƙarni na 11 nomanta ya ja baya, biranen gaɓa suka dogara da hatsin ƙetare. Mutumin da ya san yadda gero ke juya kasuwar Tawa a watan bazara ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Wata gwaggona a Afala tana da jeren da ya girmi yawancin mutanen gidan. Na taɓa tambayarta dalilin da ya sa wata tsohuwar tasa mai lotsattsen gefe take zaune can ƙasa, alhali ga sababbi masu walƙiya. Ta jawo ta a hankali, ta kifa ta, ta nuna mini gindin, inda fenti ya ɓare ya bar baƙin ƙarfe, da wani ɗan tambari da ya kusa shafewa. Ta ce, "Ɗana, wagga ta innata ta. Da ita anka kai ni ɗaki. Shekarar yunwa na saida na sama duka, amma wagga na ce ko mi za a yi ba ta fita." Sai ta bi jerin da yatsa daga ƙasa zuwa sama: ƙorai masu zane da suka yi ja don tsufa, tasoshin ƙarfe, kwalla mai furanni, samira, har kulolin roba na jikokinta. Ba ta yi boko ba, amma abin da ta nuna mini tarihin kasuwa ne na shekaru sittin: lokacin da kayan Kano suka shigo, lokacin da na Sin suka kore su.

Haka mai tara sulallan Sisili yake bin allonsa da yatsa, kuma abin da yake gani yana da ban mamaki. A 1072 wasu mayaƙa Kiristoci 'yan asalin Normandi ta Faransa, Robat Giskar da ƙanensa Roja, suka ci Falarmo. Kowa zai zaci za su soke kuɗin Musulmi. Ba su soke ba. Suka bar maƙeran gidan buga kuɗi a kan aikinsu, da rubutun Kufi, da shekarar Hijira, har da kalmar shahada a jikin sulen, sunan mai mulki kawai aka sauya. Dalilin a fili yake: fataken Mahdiyya da Iskandariyya wannan sulen suka sani, shi suka yarda da shi. Tun kafin haka ma biranen Kirista na Amalfi da Salarno suna kwaikwayon rubu'in halifa Mu'izzu, maƙeransu suna zana haruffan da ba su iya karantawa ba. Mutanen Italiya suka sa wa sulen suna tari.

Gida na gaba, sai ka ga an soma taɓawa. Roja na biyu ya ɗaura sarautar Sisili a 1130. Aka cire shahada, aka sa gicciye da haruffan Girkanci a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma Larabci ya zauna daram, da laƙabin sarkin irin na halifofi, Mu'utazzu Billahi. Wannan Roja shi ne ya ajiye Idrisi a fadarsa, wanda ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, ya kawo labarin Gana da Gawo da Kawar a ciki. Roja ne kuma ya ci Tarabulus a 1146 da Mahdiyya a 1148, har aka buga cikakken dinari da sunansa a Mahdiyya, kafin Muwahhidawa su karɓe garin a 1160. Ɗansa da jikansa, Wiliyam na ɗaya da na biyu, su ma da laƙabin Larabci suka buga nasu. Daga nan in ka ci gaba da bin allon, rubutun yana ta lalacewa. Haruffa suna rikiɗa su koma ƙarce-ƙarce masu kama da Larabci waɗanda ba sa karantuwa. Masu karanta shi ne suke ƙarewa a tsibirin. Wannan sashe na jerin ya fi kowane taɓa ni, don a cikin sulalla goma sha wani abu kana kallon al'umma guda tana shuɗewa.

Sai kuma babbar tasa, wadda kowane mai jere yake mafarkin samu. A 1231 Firedirik na biyu, sarkin Sisili kuma sarkin sarakunan Rumawa na Yamma, ya sa aka buga sabon sule a Mesina da Birindisi, ana kiransa agustale. Nauyinsa wajen giram 5.3, kyan zinariyarsa karat 20 da rabi, alhali rubu'in lokacin karat 16 da sulusi ne. Fuska ɗaya ga sarkin a karkace, da kambin ganye a ka da mayafi irin na sarakunan Rum na da. Ɗaya fuskar ga gaggafa ta buɗe fikafikai. Babu harafin Larabci ko ɗaya. Zanen ya taso sosai daga jikin sulen, in ka shafa da yatsa kana jin tudun kunci da na hanci. A 1231 ɗin ce kuma sarkin ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarkin Tunis. Firedirik yana jin Larabci, yana musayar wasiƙu da malaman Musulmi, shi ne ya sasanta da Sarki Kamil na Masar kan Ƙudus a 1229. Shi ɗin ne dai ya murƙushe boren Musulmin Sisili, ya kwashe su daga tsibirin ya zube su a Lucera, cikin babban yankin Italiya. A 1300 wani sarkin ya rushe wannan mazauni, aka sayar da mutanensa bayi. Kyan agustale ba ya goge wannan, kuma mai jeren kirki ba ya ɓoye shi.

Abin da ya biyo baya ya fi saurin faɗa. Shal na Anju, ƙanen sarkin Faransa, ya ƙwace masarautar a 1266. Bayan yaƙin Tunis na 1270 sarkin garin ya amince ya riƙa biyansa kuɗi duk shekara. A 1278 Shal ya buɗe gidan buga kuɗi a Nafoli ya fitar da saluto, tsantsar zinariya, giram 4.4, mai hoton Mala'ika Jibrilu yana yi wa Nana Maryamu bushara, da tulun fure a tsakaninsu. Da zuwan saluto aka daina buga rubu'in zinariya, bayan ya yi sama da shekaru ɗari huɗu yana yawo. A 1282 mutanen Falarmo suka yi wa Faransawa bore, tsibirin ya koma hannun Fedro na Aragon da matarsa Kostanza, suka buga nasu a Mesina da gaggafa da garkuwa. Masarauta ta rabu biyu. Sai a 1442 Alfonso na Aragon ya ci Nafoli ya sake haɗa su, ya bar alfonsino mai hoton barde a kan doki da takobi a zare. Ɗansa Ferante ya sa ainihin kamannin fuskarsa a dukat ɗinsa, da kumatu da komai. A lokacin kasuwa ta riga ta koma hannun filorin na Fulorans, wanda aka fara a 1252, da dukat na Banis na 1284. Kuma a 1471 jiragen Fotugal suka isa gaɓar da ake kira Gana a yau, suka gina ganuwar Elmina a 1482, wani kaso na zinariyar da raƙuma ke haurawa da ita ya juya ya bi teku.

Sanin jere ba ya samuwa a rana ɗaya. Yarinya tana tashi tana ganin uwarta tana ƙwanƙwasa kwalla da farce a kasuwa tana sauraren ƙarar, tana ɗaga ta ta ji nauyi, tana kifa ta ta duba tambari. Mai sulalla ma haka. Yana da ɗan sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da gilashin ƙara girma. Da gefe yake kama sule, ba ya ɗora yatsa a fuskarsa. Ya san da hannu aka buga kowane ɗaya: a ɗora ɗan curin zinariya kan hatimin ƙarfe, a ɗora wani hatimin a sama, a sauke guduma. Saboda haka babu biyu masu kama ɗaya sak. Rubu'in Normawa yawanci curin bai kai faɗin hatimin ba, sai rubutun gefe, inda sunan gari da shekara suke, ya faɗa waje. Wanda aka yi sa'a shekararsa ta fito sarai ya fi ɗan'uwansa daraja nesa ba kusa ba, ko da zinariyarsu ɗaya. Nauyinsu ma bai daidaita ba, wani bai kai giram ba, wani ya ninka, don a zamaninsu aunawa ake yi, talatin su tashi oza ɗaya. Jabu kuma yana nan, musamman na agustale. Wanda aka zuba a mazubi maimakon a buga, ana gane shi da ƙananan ƙuraje a fuska da ɗan layi a gefe, da laushin zanen.

A wuri ɗaya jeren biyu suka saɓa. Gwaggona duk gabanin salla sai ta sauke kayanta an darje su da toka da soso har su ɗauki ido. Mai sulalla in ya yi haka ya kashe dukiyarsa. Sulen da aka goge, ko aka huda don rataya, ko aka taɓa liƙa masa marataya aka cire, farashinsa faɗuwa yake, don gogewa tana cinye tudun zanen kuma tana barin ƙarce da gilashi ke tonawa. Dattin shekaru ɗari takwas da ke maƙale tsakanin haruffa shaida ne.

Farashin kuwa, rubu'in da aka saba gani yana tashi Yuro ɗaruruwa kaɗan a gwanjo, agustale mai kyau yana haura Yuro dubu goma, wato sama da sefa miliyan shida da rabi. Zinariyar da ke jikinsa ba ta kai ko kusa da haka ba. In ka kai shi wurin maƙerin farfaru a kasuwar Tawa, zai ɗora a sikeli ya biya ka kuɗin giram biyar da ɗoriya, kuma bai cuce ka ba a ma'auninsa. Haka ɗan gwangwan zai yi wa tasar innar gwaggona: kilo nawa. Ragowar darajar duka a cikin sani take, wa ya buga, a ina, yaushe, ta hannun wa da wa ya biyo.

Nan ne 'yar takardar ƙarƙashin sule take da aiki. Ana rubuta sunan sarki, da gari, da nauyi, da wurin wanda aka saya da shekarar. In mai jere ya mutu, magada suka kai kayan gwanjo, takardar tana bin sulen zuwa sabon gida. Akwai sulallan da za a iya bin sawunsu hannu-hannu har sama da shekara ɗari. Wasu kuma ba su bari an raba nasu ba. Sarkin Italiya Bitoriyo Emanuwele na uku ya tara sama da 100,000, ya sa aka wallafa kundin bayaninsu juzu'i 20 tsakanin 1910 da 1943, da zai bar ƙasar a 1946 ya bar wa jama'a su, suna Roma har yau. Philip Grierson, malamin tarihi a Kambirij wanda ya rasu a 2006, ya tara wajen 20,000 da kuɗin aljihunsa, ya bar wa gidan tarihi na Fitzwilliam. Shi da Lucia Travaini suka fitar da babban littafi kan kuɗin kudancin Italiya a 1998, wanda masu wannan harka suke komawa gare shi in gardama ta tashi.

Takardar tana da wani aikin da ya fi wannan nauyi. Tun 1909 dokar Italiya ta ce abin tarihi da aka tono a ƙasa na hukuma ne, kuma tun 1969 suna da rundunar jandarmomi ta musamman mai farautar masu satar irin waɗannan kaya. Sulen da ba shi da takarda, ana iya zargin daren jiya aka haƙo shi. Ɓarnar ta wuce sata. Tukunyar kuɗi da aka binne tana gaya wa mai bincike waɗanne sulalla ne suka yi zamani tare, daga ina suka taru, wace shekara mai su ya ji tsoro ya binne. In aka watsa su ɗaya-ɗaya cikin kasuwa, an sami kuɗi, wannan bayani kuwa ya tafi ke nan. Ina ganin sha'awar masu tarawa abu ne mai kyau, ita ta tsare dubban sulalla daga wuta. Amma ita ɗin ce kuma take sa wa mai haƙa farashi, kuma duk mai saye da ba ya tambayar asali yana da hannu a ramin.

Mu a Nijar mun ɗanɗana. Kufan Bura, a yankin Tera, an gano shi a 1975, Bube Gado ya yi aikin tono a 1983. Da aka nuna gumakan yumɓunsa a Turai cikin shekarun 1990, kasuwa ta buɗe, aka bi maƙabartun da dare aka farfasa, har sai da aka sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da aka gargaɗi duniya kada ta saya. Muna da dokar kare kayan tarihi tun 1997, muna da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Amma tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, na'urar neman ƙarfe ta shiga hannun dubban samari, ciki har da 'yan Adar, kuma na'ura ba ta bambanta ɗanyen dutse da abin da hannun mutum ya ƙera shekara dubu da ta wuce. Wanda ya sha ƙishirwar Tenere yana bin bashi a gida, ba zan ɗora masa laifi ba in ya miƙa abin da ya tsinta ga mai sikeli. Laifin yana kan rashin wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa a biya shi fiye da kuɗin awo.

Ko abin da ke cikin gidajenmu ma haka yake tafiya. Liyarin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Taresa, wanda ko bayan 1780 aka buga shi, 1780 ɗin ake rubutawa, ya yi zamani a kasuwannin Hausa da Azbin. Da yawansa ya shiga wutar maƙera ya fito a matsayin zobe da mundaye da sarƙar wuya irin ta Agadas da ta Tawa. Wannan ba asara ba ce tsantsa, don abin da ya fito ma gwaninta ne. Amma wuri da tamma da kwabo mai huda da ke cikin tsofaffin adudai, yara ne ke wasa da su har su ɓace. Jere kuma ranar rabon gado ake wargaza shi, wannan 'ya ta ɗauki uku, waccan ta ɗauki biyar, wanda ya lotse a ba ɗan gwangwan. Bayanin da ke kan tsohuwa, wace tasa ce ta wace shekara, ba a rubuce yake ba.

Muna da abin da masu akwatunan Turai suke nema da wahala. Da yawansu ba sa karanta rubutun da ke jikin rubu'insu, sai su gwada shi da hoton littafi. Alaramman da idonsa ya saba da kakkauran rubutun allo, in aka ba shi hoton rubu'in Falarmo aka ɗan nuna masa yadda Kufi ke tafiya babu ɗigo, ina kyautata zaton zai riga su tsinto sunan halifa da shekarar Hijira. Hotunan suna nan a shafukan intanet na gidajen tarihi, kyauta. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ɗalibanta da ke komawa Afala da Barmu da Takanamat hutu, kowannensu yana da waya mai ɗaukar hoto da kaka mai jere. Aikin bai fi a sauke kayan ɗaya-ɗaya ba, a ɗauki hoton ciki da gindi, a zauna a tambayi mai su: wa ya kawo, daga wace kasuwa, shekarar wane abu, nawa aka saya. In tsohon kuɗi ne aka tsinta a gona ko a kufai, a ƙara da wurin da zurfin da abin da ke kusa da shi, kafin kowa ya kai shi wurin sikeli.